Godiya a Shekarar da Rumbu Bai Cika Ba

Idan akwai kalmar da ba ta rabuwa da bakin mai jin Hausa, to, godiya ce. A tambayi mutum aiki, ya ce aiki da godiya. A tambaye shi iyali, ya ce mun gode Allah. Har a gidan makoki, in aka ce wa wanda ya yi rashi yaya haƙuri, amsar da za ta fito ita ce da godiya. Wannan tarbiyya ce mai kyau da iyayenmu suka bar mana, ba kuwa za mu so ta ɓace ba. Sai dai abin da baki ya saba faɗa yakan fita ba tare da ya bi ta zuciya ba. Shi ya sa, yanzu da kaka ta yi, ikilisiyoyinmu kuma suna shirin sujadar godiya ta shekara, muka ga ya dace mu tsaya mu dubi wannan al'amari da kyau.

Kowa ya san yadda ranar take. A share majami'a, a yi mata ado da karan dawa da zangarniyar gero. A kira iyali iyali, ko unguwa unguwa. Zumuntar Mata su ɗauki waƙa, jama'a su taso da rawa, wannan da buhun masara, wancan da doya, wani da akuya ko zakara, ma'aikacin gwamnati kuma da ambulan. Bayan sujada a yi gwanjon kayan, a yi ta raha. Rana ce mai daɗi ƙwarai.

Amma duk wanda yake zaga gidajen masu bi ya san akwai waɗanda ba sa zuwa a ranar. Akwai gwauruwar da aka binne mijinta da damina. Akwai magidancin da ruwa ya cinye gonarsa. Akwai iyalin da suka sayar da shanu da fili domin su fanso ɗansu daga hannun masu garkuwa da mutane. Akwai saurayin da ya gama makaranta shekara biyar ke nan yana yawo da takardu. In ka tambaye su, su ce zazzaɓi ne ya hana su. Gaskiyar magana kuwa kunya ce da ɗacin rai. Sun ɗauka godiya ta masu cikakken rumbu ce, su ba su da rabo a ciki. Tambayar da ke gabanmu ke nan, 'yan'uwa: shin wanda ya yi hasara yana da abin godiya? In yana da shi, ta yaya zai gode ba tare da ya yi wa kansa da Allah ƙarya ba?

Masu neman laifi

Hasara ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye wani babban sashe na Maiduguri cikin dare, shekara 30 bayan irin wannan ambaliya ta 1994. A ƙarshen watan Mayu na 2025 ruwa ya afka wa garin Mokwa a Jihar Neja, mutane fiye da 150 suka rasu. Ruwan bai tambayi kowa addininsa ba, bai kuma tsallake gidan mai yawan addu'a ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma, gidaje da yawa suka koma auna abinci da gwangwani maimakon mudu.

A irin wannan lokaci ne wata koyarwa take samun kasuwa, wadda take cewa duk mai bi na gaskiya dole ya yi arziki da lafiya, wanda kuwa ya yi hasara, to, ya binciki kansa: ko dai ya riƙe zakka, ko bangaskiyarsa ta yi rauni, ko akwai la'ana a gidansu. Wannan magana ta raunata mutane da yawa. Mutum yana fama da rashi, an kuma ɗora masa laifi a kai.

Ba sabuwar koyarwa ba ce. Ita ce abokan Ayuba suka zo da ita. Ayuba ya rasa tumaki 7,000, da raƙuma 3,000, da shanun noma, da jakuna, sa'an nan ya rasa 'ya'yansa goma a rana ɗaya. Elifaz da Bildad da Zofar suka zo, suka zauna tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Wannan shi ne aiki mafi kyau da suka yi. Da suka buɗe baki, sai suka shiga neman zunubin da ya jawo masa masifa. A sura ta 42 kuwa, su ne Allah ya yi fushi da su, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Ubangijinmu Yesu ma ya ƙi wannan lissafi sau biyu: a kan mutumin da aka haifa makaho a Yahaya sura 9, da kuma a kan mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Luka sura 13. Saboda haka wanda ya yi rashi kada ya bari wani ya sa shi ya sunkuyar da kai a gidan Ubansa.

Kuka yana da wurinsa

Mukan karanta sura ta fari ta littafin Ayuba, mu ga yadda ya faɗi ƙasa ya yi sujada, sai mu rufe littafin mu ce wa mai makoki ya yi koyi da shi. Amma in muka ci gaba zuwa sura ta uku, za mu tarar da wannan Ayuba ɗin yana la'antar ranar da aka haife shi. Mutum ɗaya ne, bangaskiya ɗaya ce. Cikin Zabura 150 da muke da su, masu yawa kuka ne da kai ƙara gaban Allah. Zabura ta 88 ma daga farkonta har ƙarshenta ba ta samu ta'aziyya ba, duk da haka an bar ta cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Akwai kuma littafi guda cur mai suna Makoki, wanda aka rubuta a kan rushewar Urushalima wajen shekara 586 kafin haihuwar Almasihu. Na'omi, da ta dawo Baitalami daga Mowab ba miji ba 'ya'ya, ta gaya wa matan garin su canja mata suna, domin rayuwarta ta yi ɗaci. Ba mu karanta inda aka tsauta mata ba. Yesu kansa ya zubar da hawaye a kabarin Li'azaru, ko da yake ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci.

Mu lura da wani abu a ƙarshen labarin Ayuba. An ninka masa dabbobinsa, ya kuma sake haihuwar 'ya'ya goma, amma goman farko suna cikin kabari. Duk uwar da ta taɓa binne ɗa ta san cewa sabon jariri ba ya cike gurbin wanda ya tafi. Saboda haka mu yi hankali da irin ta'aziyyar nan ta gaggawa, ta cewa Allah zai ba ki wani, ko ai ya huta, ko Kirista ba ya kuka. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Godiyar da aka tilasta wa mutum tun hawayensa bai bushe ba, ba ta kai ko'ina. Ita godiya ta gaskiya tana iya zama a kujera ɗaya da kuka.

Darasi daga Garkida da Kwarhi

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga wannan da idonmu. A ranar 17 ga Maris, 1923, waɗansu masu bishara biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujada ta fari a gindin wata tsamiya a Garkida, cikin ƙasar Bura. Daga nan ne Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ta samo tushe. Shekara ɗaya kawai bayan haka, a 1924, Rut matar Kulp ta rasu wajen haihuwa, jaririn ma bai rayu ba. Mutum zai ce ai sai ya tattara kayansa ya koma ƙasarsu ke nan. Amma ya yi kusan shekara 40 yana aiki a wannan yanki. Aka kafa makarantu, da asibiti wanda aka sa wa sunan matar da ta rasu, da wurin jinyar kutare. Makarantar Littafi Mai Tsarki da ke Kwarhi, kusa da Mubi, sunansa take ɗauke da shi.

Bayan shekara 90 sai babbar jarrabawa ta zo. A daren 14 ga Afrilu, 2014, 'yan Boko Haram suka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, yawancinsu kuwa 'ya'yan wannan ikilisiya ne. A ƙarshen watan Oktoba na wannan shekara suka kama Mubi, suka shiga hedkwatar ikilisiyar a Kwarhi. Ma'aikata da ɗalibai da iyalansu suka gudu da ƙafa cikin daji. Waɗansu suka nufi Yola, waɗansu suka tsallaka Kamaru, shugabanni kuma suka mai da ofis Jos na ɗan lokaci. Aka ƙone majami'u masu yawa, aka kashe masu bi da limamai, tare da maƙwabtansu Musulmi da su ma ba su tsira ba. A watan Fabrairu na 2020 aka kai hari Garkida kanta, aka ƙone majami'u da gidaje. Fiye da shekara goma bayan daren Chibok, akwai iyayen da ba su sake ganin 'ya'yansu ba, waɗansu ma sun mutu suna jira.

To, me waɗannan mutane suka yi? Ba su ɓoye ciwonsu ba. Sun ƙirga matattunsu, sun rubuta sunaye, sun yi azumi da kuka. Amma sujada ba ta tsaya ba, ko a sansanin gudun hijira, ko a gindin itace, ko cikin kangon majami'ar da ba rufi. Waɗanda suke da ɗaki biyu a Yola ko Jos ko Abuja suka cika su da baƙi. A Gurku, cikin Jihar Nasarawa, aka kafa matsuguni inda Kirista da Musulmi da suka gudo daga wuta ɗaya suke zaune tare. A 2015, tun ciwon yana ɗanye, mawaƙan Zumuntar Mata na wannan ikilisiya suka zaga ikilisiyoyin 'yan'uwansu a Amurka suna waƙa, suna gode wa waɗanda suka taimake su. Daga baya aka koma Kwarhi aka gyara abin da aka rusa, a watan Maris na 2023 kuma aka yi bikin cika shekara 100.

Ba wanda zai ce sun gode wa Allah saboda an kwashe 'ya'yansu. Mugunta mugunta ce, ba a gode mata. Da manzo Bulus ya gargaɗi masu bi na Tasalonika a kan godiya, nufinsa kada wani yanayi ya iya rufe bakinsu. Bai ce su kira mugun abu mai kyau ba. Waɗannan 'yan'uwa sun gode saboda abin da wuta ba ta ci ba: ran da ya tsira, maƙwabcin da ya ɓoye su, baƙon da ya buɗe musu ƙofa, da Allah wanda bai tsaya a Kwarhi ba sa'ad da suka gudu, ya bi su cikin daji.

Ina farin ciki yake?

Akwai wata hasara kuma wadda ba ruwa ko bindiga ke jawo ta ba, ita ce wadda mutum yake jawo wa kansa garin neman jin daɗi. Kullum muna ganin farin ciki yana can gaba: in na samu aiki, in na yi aure, in na gina gida, in na fita waje. Da an kai can sai a ga ya ƙara matsawa. Wayar hannu ta ƙara wa abin zafi. Yarinya ta buɗe Facebook ta ga bikin wata, ta raina ɗakin mijinta. Saurayi ya ga motar abokinsa, ya raina fartanyar ubansa, alhali bai san bashin da ke bayan hoton ba. A watan Disamba na 2016, da tsarin nan na ninka kuɗi mai suna MMM ya rufe, mutane da yawa, har da masu bi, suka rasa jari da kuɗin makarantar yara. Bayansa waɗansu irinsa sun zo, an kuma sake faɗawa. Shagunan cacar ƙwallo sun cika da samarinmu. Waɗansu sun bi ta Agadez suka shiga hamada da niyyar tsallaka teku, ba a sake jin labarinsu ba. Ba mu raina talaucin da yake korar mutum daga gida ba, neman na kai kuma ba laifi ba ne. Amma Bahaushe ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Marubucin littafin Mai Hadishi ya riga mu bin wannan hanya har ƙarshenta. A sura ta biyu ya ba da labarin yadda ya gina gidaje, ya dasa gonakin inabi, ya haƙa tafkuna, ya tara bayi da garkuna da azurfa da zinariya da mawaƙa, bai hana idonsa kome ba. Da ya zauna ya yi lissafi, sai ya ga bai riƙe kome a hannu ba. Abin mamaki, bai ƙare da cewa a ƙi duniya ba. Ya ce abincin da mutum yake ci, da abin da yake sha, da daɗin da yake ji cikin aikinsa, kyauta ce daga hannun Allah. Wato abin da ya zaga duniya yana nema, yana nan cikin akushin da ke gabansa, sai dai bai gan shi a matsayin kyauta ba.

Masana ma sun iso kusa da wannan wuri. Tun 1938 Jami'ar Harvard a Amurka ta fara bin rayuwar waɗansu samari fiye da 700, waɗansu ɗalibanta, waɗansu 'ya'yan talakawan birnin Boston, tun suna matasa har suka tsufa. Babban abin da aka gano shi ne, waɗanda suka tsufa da lafiya da kwanciyar rai su ne masu kyakkyawar dangantaka da iyali da abokai, ba lalle masu dukiya ko suna ba. Kakanninmu da ba su je jami'a ba sun riga sun faɗa: mutum rahama ne.

Bulus ya rubuta wa Filibiyawa wasiƙarsa yana ɗaure, amma cikin surori huɗu ya ambaci farin ciki fiye da sau goma. A sura ta huɗu ya nuna cewa wadar zuci koyonta ya yi, cikin ƙoshi da cikin yunwa. Wannan ya kamata ya ƙarfafa mu. Abin da ake koya, kowa yana iya koyonsa, ko da a hankali ne. Mai godiya yana ƙirga abin da aka ba shi, mai gunaguni yana ƙirga abin da aka ba wani. Farin ciki kuwa yakan shigo gidan na farkon ba tare da an aika masa goron gayyata ba.

Yadda Allah ya tsara ranar godiya

Mu koma Maimaitawar Shari'a sura 26 mu ga yadda aka umarci Isra'ilawa su kawo nunan fari. Manomi zai sa amfanin gona cikin kwando ya kai wa firist. Kafin ya yi murna, sai ya ba da tarihin wahalar kakanninsa: yawo ba gida, bauta a Masar, kuka ga Ubangiji, sa'an nan ceto. Wato an sa tunawa da wahala a tsakiyar sujadar godiya. Bayan haka ba shi kaɗai zai ci ba, sai tare da Balawe da baƙo. A shekara ta uku kuma zakkar ta Balawe ce da baƙo da maraya da gwauruwa. Littafin Firistoci ya hana mai gona ya girbe gefen gonarsa ko ya koma yin kala, domin wannan rabon matalauci ne. Da wannan doka ce Rut ta ciyar da Na'omi daga gonar Bo'aza. Ashe waɗanda suke ɓuya a gida ranar godiya, su ne Allah ya sa a kan gaba cikin waɗanda aka gayyata.

Mu tuna kuma da gwauruwar da Yesu ya yaba a Markus sura 12, wadda ta saka anini biyu. Mu tuna da kutare goma a Luka sura 17: duka sun warke, ɗaya ne ya komo, shi ma Basamariye, ba kuwa kome a hannunsa sai muryarsa. Mafi girma duka, a daren da za a bashe shi, Ubangijinmu ya ɗauki gurasa ya yi godiya, yana sane da abin da gari zai waye da shi. Duk lokacin da muka zo Jibin Ubangiji, godiyar mai fuskantar gicciye muke maimaitawa.

Abin da ya rage gare mu

Muna roƙon limamai da dattawa da shugabannin ƙungiyoyi su duba waɗannan abubuwa kafin ranar ta zo. Na fari, a daina karanta sunaye tare da yawan abin da kowa ya kawo. Wannan yana mai da sujada gasa, yana kuma korar marasa ƙarfi. Na biyu, a ware lokaci cikin sujadar a ambaci sunayen waɗanda suka rasu cikin shekarar, da waɗanda suke hannun masu garkuwa, a yi shiru, a yi addu'a domin iyalansu. Na uku, kada a yi gwanjon hatsi duka. A ajiye wani kashi a rumbun ikilisiya har watan Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, a raba wa gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira, ba tare da an tsallake maƙwabcin da ba addininmu ɗaya ba. Na huɗu, cikin makon da ke gaban ranar, a aiki mutum biyu biyu gidajen da aka yi rashi. Mukan cika gida ranar jana'iza, bayan wata ɗaya kuma ba mai leƙawa, alhali a lokacin ne kaɗaici yake fara cizo. Zumunta a ƙafa take.

A gidajenmu kuma, lokacin addu'ar dare, bari kowa, daga maigida har auta, ya faɗi abu ɗaya takamaimai da ya gode wa Allah dominsa a wannan rana. Wanda kuma akwai mutumin da ya taɓa yi masa alheri, malamin makaranta ne, ko kawun da ya biya masa kuɗin jarrabawa, ko maƙwabciyar da ta yi jinyar mahaifiyarsa, ya tashi ya je ya gode masa tun yana da rai. Yabon da ake yi a bakin kabari, mai shi ba ya ji.

Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, da shekarar nan ta karɓe miki abin da ba ya dawowa, kada ki zauna a gida. Ki zo ko da hannu wofi, ki zo ko da hawaye. In ba za ki iya rawa ba, ki zauna, mu za mu yi waƙar a madadinki har ranar da muryarki za ta dawo. Wata shekara, in namu ya zo, ke ce za ki yi mana.

Ubangiji ya ta'azantar da masu makoki, ya komo da waɗanda aka kama, ya koya mana godiya cikin yalwa da cikin rashi. Amin.